Wace Ƙofa Wanda Aka Damfara a Zuru Zai Ƙwanƙwasa?

Hukumomin da aka ɗora wa alhakin kare jama'a daga 'yan damfara a Najeriya ba su yi kaɗan ba. EFCC na farautar 'yan 419 tun 2003, NAFDAC na bibiyar jabun magani, Babban Bankin Najeriya na sauraron koke a kan bankuna, NCC kuma a kan layukan waya. A 2019 aka sa hannu a dokar da ta kafa FCCPC don kare haƙƙin masu saye. Sai dai dambu idan ya yi yawa, ba ya jin mai.

Ɗauki manomin Ribah ko Mahuta da ya sayar da dawarsa, kuɗin suka shiga asusu. Wani ya kira shi, wai daga banki, wai za a rufe masa BVN in bai faɗi lambar da aka turo masa ba. Yana faɗa, kuɗin sun bi ta wani asusu, an cire su wajen mai POS a wani gari. Laifi ɗaya ne, amma ya taɓa banki, ya taɓa kamfanin waya, ya taɓa 'yan sanda, kowa da nasa fayil. Ofishin shiyya na EFCC kuwa yana can Sakkwato. Kafin wasiƙar wannan ofis ta isa wancan, ɓarawo ya jefar da layi. Da yawa kunya ma ke hana su faɗa, sai su ce ƙaddara ce.

Doka na nan. A Maris 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu tsarin "zuba kaɗan, kwashi da yawa". Amma wata guda bayan haka CBEX, mai irin wannan tsari, ta rufta da kuɗin mutane, kamar yadda MMM ta yi a 2016.

A ganina, abin da masarautar Zuru ke buƙata shi ne teburin koke ɗaya a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, wato Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu, mai jin Hausa da Dakarci, wanda zai miƙa ƙara inda ta dace nan take, masallatai da coci-coci kuma su yaɗa gargaɗi.

Kafin nan, in abin ya same ka, garzaya bankinka a rufe asusu. In mako 2 ya wuce ba su warware ba, kai ƙara Babban Banki. Matsalar layi kuwa, kira 622 kyauta. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.