Ba Sai An Je Dubai Ba

A zamanin nan, da an ce wane ya tafi hutu, abin da ke zuwa a rai shi ne jirgin sama, Dubai ko Masar, da hotunan da za a zuba a Facebook. Shi ya sa ƙaramin ma'aikaci da ɗan tireda suka cire kansu daga lissafi, suna ganin yawon buɗe ido na masu hannu da shuni ne. Wannan tunani bai dace da mutumin Jalingo ba, domin Allah ya zaunar da shi a Taraba, jihar da baƙi ke tasowa daga Legas, har daga Turai, don su zo su gani.

Mu fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Jalingo a gindin duwatsu take, kuma da damina, idan ruwa ya ɗauke da la'asar, sai ka ga duwatsun sun yi kore shar, gajimare na ratsa kawunansu. Amma mutum nawa ke ɗaga kai? Mai Keke yana lissafin balas, fasinja kuwa idonsa na kan waya. Ga garin Kona nan kusa, inda a 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya yi yaƙi tare da taimakon wani Bafaranshe mai suna Mizon, kafin Jalingo ta zama mazaunin masarautar a 1893. Sai ka samu yaro an haife shi a Sabon Gari ko Mayo Gwoi, ya gama sakandare, bai taɓa taka Kona ba, bai kuma san alaƙarta da kafuwar garinsu ba. Laifin namu ne, mu iyaye.

Wanda ke da kuɗin mota kaɗan, ya nufi Zing lokacin sabuwar doya, ya ga aikin manoman Mumuye a gonakin da ke jikin tsaunuka, ko ya gangara Lau bakin kogin Binuwai ya ci kifin da aka kamo a ranar. A tafi da hantsi, a dawo kafin magariba.

Babbar tafiya ita ce ta Mambila. Daga Jalingo a bi ta Bali da Serti, a isa Mayo Selbe, daga nan sai hawa. Titin yana murɗawa a jikin tsauni, kunne ya riƙa toshewa, iska ta riƙa sauyawa, har wanda ya baro gida yana gumi ya soma lalube jaka yana neman rigar sanyi. A saman, inda tudun ya kai kimanin mita 1,600, tuddai ne masu ciyawa iya ganinka, shanu sun bazu suna kiwo, ga gonakin shayi na Kakara, ga Nguroje da Gembu da sanyin da ke sa mutum ya manta a Najeriya yake. A hanyar nan kuma gandun dajin Gashaka Gumti yake, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, aka kuma kafa shi a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba. Ofishinsa na Serti. A yankinsa ne tsaunin Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan. Tafiyar Mambila yini guda ce daga Jalingo. Gani ya kori ji.

Sai dai a yi tafiya da hankali. A tashi da sassafe, kada dare ya riski mutum a hanya, a kuma tambayi direbobi a tasha halin da titi ke ciki kafin a ɗaura niyya. Rani ya fi dacewa da shiga gandun daji, domin da damina koguna kan cika. Abokai ko 'yan uwa za su iya yin adashi su ɗauki shatar mota, nauyin ya ragu. Kada a ɗauki hoton mutane ko dukiyarsu sai da izini, kada kuma a bar leda da robar ruwa a wurin da aka same shi tsaf.

A ganina, ba tsauni ne kaɗai ribar tafiya ba. Zaman teburin mai shayi a garin da ba a san ka ba, da hirar dattijon da zai gaya maka yadda kakanninsa suka zo wurin, da gaisuwar da za ka koya a Fulfulde ko Jukunanci, sun fi daɗewa a zuciya. A jihar da ke da ƙabilu masu yawa kamar Taraba, wanda ya ci abinci a gidan wani ba ya saurin yarda da mugun labari a kansa.

Don haka, ya mai karatu, idan yara suka samu hutun makaranta na gaba, kada a bar su su ƙare shi a gaban talabijin. Ko Kona ce, a kai su.