Auren Jinsi: Abin da Alƙaluma ke Faɗa wa Mutumin Jahun

Duk lokacin da labarin auren jinsi ya fito a rediyo, sai ka ji teburin mai shayi a Jahun ya kaure da musu, kowa da lissafinsa. Bari mu baje alƙaluman a faifai.

A duniya, Holan ce ta fara halatta wannan aure a 2001, Amurka ta biyo baya a 2015, Tailan kuma a 2025. Jimillar ƙasashen da suka halatta ba su wuce 40 ba, cikin 193 da ke Majalisar Ɗinkin Duniya, wato kusan ɗaya bisa biyar. Fiye da ƙasashe 60 kuwa laifi suke ɗaukar mu'amalar jima'i tsakanin jinsi ɗaya. A Afirka mai ƙasashe 54, Afirka ta Kudu kaɗai ta halatta auren, tun 2006.

A gida Najeriya, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar haramci a Janairun 2014: ɗaurin shekara 14 ga ma'auratan, shekara 10 ga shaidu da masu taimakawa ko kafa ƙungiya. Jigawa kuma tana cikin jihohi 12 masu aiki da Shari'ar Musulunci tun 2000, inda hukuncin luwaɗi kan kai ga jefewa, ko da yake har yau ba a taɓa zartar da jefewa a ƙasar nan ba. Ra'ayin jama'a ma ba ɓoyayye ba ne: binciken cibiyar Pew na 2023 ya nuna kashi 97 cikin 100 na 'yan Najeriya ba su goyon bayan auren, kashi 2 ne kawai suka amince.

Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne tazarar da ke tsakanin kame da hukunci. An kama mutum 53 a Zariya a 2017, Hisba ta kama 19 a Kano a Disamban 2022, aka kama 76 a Gombe a Oktoban 2023. A Legas kuwa, mutum 47 da aka gurfanar ƙarƙashin dokar 2014, kotun tarayya ta kori ƙararsu a Oktoban 2020 saboda masu gabatar da ƙara sun gaza kawo shaidu. Kame yana da sauƙi, tabbatar da laifi ne jan aiki.

A ƙaramin gari irin namu, zargi kaɗai ya isa ya rusa gida. Hoton saurayi ya zaga WhatsApp da safe, kafin la'asar an daina kai masa ɗinki, mahaifiyarsa ta kasa shiga gidan biki, mai neman ƙanwarsa ya janye. Ko kotu ta wanke shi, tabon yana nan.

Shi ya sa Shari'a ta tsaurara: shaidu 4 adalai, kuma bulala 80 ga mai ƙazafi. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 33 da 34 da 36, ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin rayuwa da mutunci da sauraron adalci, ba tare da ware kowa ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, ko mene ne ra'ayinka kan wannan batu, kada ka yaɗa zargin da ba ka da shaidarsa, kada kuma ka ɗauki doka a hannunka. Rai da mutuncin ɗan Adam amana ne a wuyan kowa.