Ɗaukewar al'ada da yawan mantuwa

Mata da yawa a ƙauyukanmu sukan tsorata idan al'adarsu ta fara rikicewa. Wata takan ɗauka ciki ne, wata kuma ta ce sammu aka yi mata. Yawanci al'ada takan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana tabbatar da haka idan an yi wata 12 ba a ga jini ba.

A wannan lokaci sinadarin isturojin yakan ragu a jikin mace. Ƙwaƙwalwa ma tana amfani da shi. Shi ya sa uwa takan ji zafi ya taso mata farat ɗaya, ta yi gumi da dare, barci ya ƙi zuwa, ta manta inda ta ajiye kuɗin cefane. Ga yawancin mata wannan mantuwa takan yi sauƙi bayan jiki ya saba.

Gigin tsufa dabam ne. Tsohuwa takan ɓata hanyar gidanta, ko ta kasa gane 'ya'yanta. Cutar ƙwaƙwalwa ce. Kada mu yarda a kira ta mayya ko a kore ta. A kai ta asibiti.

A shekarar 2024 wani kwamitin likitoci na mujallar Lancet ya nuna cewa kusan kashi 45 cikin 100 na wannan cuta ana iya hana shi ko jinkirta shi. Ga abin da za mu iya yi:

• Mu riƙa gwada hawan jini da ciwon sukari a asibiti.
• Mu rage gishiri da dunƙule. Kada gishirin yini ya wuce ƙaramin cokali ɗaya.
• Mu ci wake, gyaɗa, zogale, rama da kifi.
• Mu yi tafiya da sauri na minti 30, kwana 5 a mako.
• Mu bar taba da burukutu, mu rage shaƙar hayaƙin murhu.
• Idan ji ko gani ya ragu, a nemi magani.
• Kada tsofaffi su zauna su kaɗai. Zumuntar mata, ƙungiyar mawaƙa da ajin yaƙi da jahilci suna motsa ƙwaƙwalwa.

Idan jini ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, a je asibiti ba da jinkiri ba. Maza kuma, mu yi haƙuri da matanmu, mu raka su.

A taronku na gaba ku tattauna: wace tsohuwa ce a unguwarku ba mai ziyartar ta, kuma wa zai je wannan mako?