Mene ne sayen kujera ta biyu a jirgin sama?

Ana yawan jin labarin fasinja ɗaya ya biya kuɗin kujera biyu. Abin nufi shi ne mutum ya sayi kujerar da ke gefensa, a bar masa ita babu kowa.

Galibi masu jiki abin ya shafa, domin faɗin kujerar ƙaramin aji yakan tsaya tsakanin santimita 43 da 46. Kamfanoni da dama suna duba abu biyu: in madogarar hannu ta ƙi sauka, ko bel ya ƙi ɗauruwa ko da an ƙara masa tsawo, sai fasinja ya ƙara kujera. Makaɗa ma kan sayi kujera don manyan kayan kiɗansu.

Kamfanin Southwest na Amurka ya daɗe yana mayar da kuɗin kujera ta biyu bayan an sauka. Daga Janairun 2026 kuwa, sai in jirgin bai cika ba, kuma fasinja ya nema cikin kwana 90. Kanada ta fi adalci: tun 2008 ta hana manyan kamfanoninta karɓar kuɗin kujera biyu a tafiyar cikin gida daga wanda ƙibarsa ta kai naƙasa.

Kowane kamfani da dokarsa, don haka ka tambaya kafin ka yanki tikiti.