Mudun da Zafi Ba Ya Tauyewa: Ma'aunin Lantarki a Cikin Ƙwayar Silikon

A garin Zakka da sauran ƙauyukan Safana da Batsari, mutane da yawa kan yi cajin wayoyinsu ne da faifan sola. Batirin waya kuwa yana da iyaka: in ya kai kimanin bolt 4.2, dole a tsayar da caji, in ba haka ba ya kumbura, ko ma ya kama da wuta. Shin da wane mudu na'urar take auna wannan iyaka?

Mudun yana cikin wata 'yar ƙwayar silikon da ba ta kai girman farce ba. Matsalar ita ce, tiransistar da ake gina shi da ita tana jin yanayi. Ƙarfin lantarkinta, wato kimanin bolt 0.65, yakan ragu da milibolt 2 duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar bazara a ƙasar Katsina ana iya samun ratar digiri 30. Ke nan mudun zai tauye da kusan kashi ɗaya cikin goma.

Maganin da injiniyoyi suka samo ya yi kama da hikimar jikin ɗan Adam, wanda ke tsayar da ɗuminsa a digiri 37 ta hanyar abubuwa biyu masu adawa da juna, wato gumi da makyarkyata. Akan jera tiransista biyu, ɗaya ta ninka ɗaya faɗi sau 8, a ba su lantarki daidai wa daida. Bambancin ƙarfin da ke tsakaninsu yakan ƙaru da zafi, kimanin milibolt 0.18 a kowane digiri. In aka ninka wannan bambanci kamar sau 11, aka haɗa shi da ƙarfin da ke raguwa, sai hawa ya cinye sauka, a sami kimanin bolt 1.2 wanda kusan ba ya motsi.

David Hilbiber ne ya fara bayyana dabarar a Amurka a 1964, Robert Widlar ya kyautata ta a 1971, sa'an nan Paul Brokaw ya fito da nasa fasalin a 1974. A yau na'urorin lura da caji da masu lura da sanyin firjin allurar rigakafi duk sun dogara ga irin wannan ma'auni. Sai dai batirin waya yana da iyakar zafin da zai jure, don haka bai kamata a bar waya ko cajarta a cikin rana ba.