Windows ɗin da Mai Gyara Ya Saka Maka: Kyauta Ce ko Haƙƙin Wani?

'Yan uwa, wata tambaya tana yawan zuwa mana daga ɗalibai, nan Nalerigu da masu aiko saƙo daga Salaga, Yendi da Bawku: mutum ya kai kwamfutarsa wurin mai gyara, ya biya 'yan sidi kaɗan, an saka masa Windows da Word. Shin ya halatta?

Mu fara da gane abin da aka saya. Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, mallakar kamfanin Microsoft na Amurka. Kamfanin yana sayar da lasisi, wato izinin amfani. Sau da yawa kuɗin da ka ba mai gyara ladan aikinsa ne kawai, manhajar kuwa fasa makullinta aka yi. Wannan shi ake kira satar fasaha.

Wani zai ce: "Malam, ai ban ɗauke wa kowa komai ba, kwafi na yi." Malamai sun duba wannan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, bai halatta a keta ba. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar mutane ta hanyar ɓarna, kuma kasancewar mai dukiyar attajiri ne ko ba Musulmi ba, bai halatta mana ita ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 ma ta haɗa da manhajar kwamfuta. Gaskiya ne wasu malamai sun sassauta ga mai yin kwafi don amfanin kansa bisa larura, ban da mai sayarwa. To amma larura tana tsayawa ne inda babu mafita, alhali a nan akwai.

Kafin mafitar, mu duba asarar duniya. Wanda ya fasa makullin manhaja yana iya cusa mata ƙwayar cuta mai kwashe lambobin sirri. Sau da yawa kuma akan kashe hanyar sabuntawa don kada a gano. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya. Ka tuna da kwamfutar makaranta mai ɗauke da sakamakon ɗalibai da lissafin kuɗin masallaci. Amana ce fa.

Mafitar ita ce manhajar da masu ita suka saki da yardarsu. Linus Torvalds, ɗalibi a Finland, ya fara Linux a 1991, lasisinta kuma ya yarje wa kowa ya kwafa ya raba. A 2004 Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da Ubuntu a kanta. Akwai LibreOffice a madadin Word da Excel, tana rubuta Larabci daga dama zuwa hagu. Filashi guda ya isa a saka wa kwamfutocin makaranta duka, halal tsantsa. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin na'urori da dama ba sa ɗaukar Windows 11, wannan hanya ta ƙara amfani.

Sai dai kada mu ruɗe ku, kyautar ma tana da nata kuɗin. Za ka kashe data wajen saukewa. Za ka ɓata makonni kana koyo. Masu gyaran da suka iya ta ba su da yawa. CorelDRAW da Photoshop ba sa aiki a kanta kai tsaye, wata na'urar buga takarda ma sai an sha fama.

Don haka shawararmu uku ce. Na farko, bincika tukuna: kwamfutoci da yawa 'yan gwanjo, waɗanda aka ƙera daga 2012, suna zuwa da lasisin asali a jikinsu, sai ka ce wa mai gyara ya saka irin Windows ɗin da ta dace da shi. Na biyu, wanda yake cin abinci da manhajar kuɗi, kamar mai ɗab'i ko mai zane, ya lissafa lasisi cikin jarinsa kamar hayar shago. Na uku, ɗalibi da makaranta, da buƙatarsu rubutu ce da karatu da intanet, su gwada Ubuntu ko Linux Mint.

Ku kuma masu gyara, ku faɗa wa mai kaya abin da kuke saka masa, kada ya ɗauki na sata yana zaton na asali ne.

Allah Ya tsarkake mana abin hannunmu. Wallahu a'alam.