Rattan Lal

Rattan Lal (an haife shi ranar 5 ga Satumba, 1944) farfesa ne a fannin kimiyyar ƙasar noma a Jami'ar Jihar Ohio da ke Amurka. Ya yi shekara 17 yana bincike a Najeriya, kuma a 2020 aka ba shi Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya saboda aikinsa na farfaɗo da gonakin da suka gaji.

Rayuwar farko da karatu

An haife shi a yammacin Punjab, yankin da yanzu yake cikin Pakistan. Da aka raba Indiya a 1947, iyayensa suka yi hijira zuwa yankin Haryana, inda ya tashi a gidan ƙananan manoma. Ya yi digirin farko a Jami'ar Aikin Gona ta Punjab a 1963, na biyu a New Delhi a 1965, sannan digirin digirgir a Ohio a 1968.

Aikinsa a Najeriya

Daga 1970 zuwa 1987 ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, inda ya mayar da hankali kan zaizayar ƙasa. Gwaje-gwajensa sun nuna cewa idan aka share daji aka bar gona tsirara, ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke saman ƙasa, wanda a nan albarkarta take. Ya ba da shawarar a rage kaftu da garma, a riƙa barin kara da ganye su rufe gona bayan girbi. Wannan rufi yana riƙe danshi, yana rage zafin rana, idan ya ruɓe kuma ya zama taki.

Shawarar tana da wuyar bi a Arewacin Najeriya. A yankuna kamar Anka, Gummi da Bukkuyum na yammacin Zamfara, karan gero da na dawa abincin dabbobi ne, da shi ake danga da hura wuta, harawa kuwa kuɗi ce. Manoma kan mayar wa gona ƙarfinta da takin gida ko ta hanyar saukar da makiyaya a cikinta da rani, wanda ya dace da koyarwar Lal cewa abin da aka ɗiba daga ƙasa sai an mayar mata.

Koyarwa

Ya koma Ohio a 1987. A shekarar 2000 ya kafa cibiyar nazarin yadda ƙasa ke adana sinadarin kabon, abin da ke rage iskar da ke ɗumama duniya. Ya horar da ɗalibai fiye da 100 masu digiri na biyu da na uku, baya ga masu bincike daga ƙasashe da dama da suka yi aiki a ƙarƙashinsa.

Karramawa

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Glinka a 2018. Ya samu Lambar Yabo ta Japan a 2019, gwamnatin Indiya kuma ta ba shi Padma Shri a 2021. Dala 250,000 da ya samu tare da lambar 2020 ya bayar da su ga asusun bincike na jami'arsa. Daga baya jami'ar ta sanya wa cibiyar da ya kafa sunansa.